Malam Dalhatu da Baƙon Rijiyar Gogo

Akwai wata magana da ban taɓa faɗa wa kowa ba a gidanmu. Mutum ɗaya ne ya san ta, shi kuma Allah Ya yi mashi rasuwa ranar Talata, goma ga watan Ƙaramar Sallah, takwas ga Afrilu. Shi ne Malam Dalhatu, ma'aikacin gwamnati mai kula da kamun kifi a yankin Dutsin-Ma da Kurfi, wanda mu a ƙauye muke kira Malamin Kifi. Ya rasu a gidansa da ke Dutsin-Ma bayan gajeriyar jinya, aka sallace shi bayan la'asar. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Labarin ya iske mu a ƙauyenmu da ke kusa da Barkiya. Baba yana zaure yana ɗinke koma aka kira shi a waya. Ya shigo cikin gida bai sa takalmi ba, ya ce Malamin Kifi ya riga mu gidan gaskiya. Kakata, Gogo, tana tsintar wake a faifai. Ta yi salati, sannan ta ce, "To yanzu wa zai zo ya ɗauki baƙona?"

Malam, ni ce Mardiya, ɗiyar Zubairu masunci, wadda take kawo maka buta in ka zo. Bara na gama aji shida. Ni ba mai magana ba ce, ko a gida ana mantawa ina nan. Ban da gaisuwa, sau ɗaya na taɓa yi maka magana. Ni ce na gaya maka akwai mai sulke a rijiyarmu. Gogo har yau tana zaton kai ka gane da kanka.

Wanda bai san mai sulke ba, wani baƙon kifi ne. Ba a san shi a ruwan ƙasarmu ba sai 'yan shekarun nan. Baƙi ne mai ɗige-ɗige, bakinsa a ƙasa yake kamar na mai tsotso, jikinsa da tauri kamar an lulluɓe shi da ƙarfe, shi ya sa masunta suka sa mashi wannan suna. Naman da ke jikinsa bai kai wahalar fasa shi ba. In ya shiga koma sai ƙayoyinsa su sarƙe ta, ba a fitar da shi sai an yaga. Yana haƙa ramuka a gaɓar ruwa har ƙasa ta rufta, yana kuma share wurin da karfasa take zuba ƙwai. Baba ya yi shekaru yana su a dam, wajen Dutsin-Ma. Sai ya zamana yana fita da koma lafiyayya ya dawo da tsumma, hannuwansa duk tsaga. A ƙarshe ya haƙura ya dawo gida, ya tsaya a Tafkin Marke da ke bayan ƙauyenmu, inda har yanzu akwai tarwaɗa da karfasa da ƙurungu, kuma mai sulke bai shiga ba. Abin da muke ci daga wannan tafki yake fitowa. Haka ma gidajen masunta da dama a nan.

Gwamnati ta yi abin da ta yi. An yi ta sanarwa a rediyo. An buga takarda mai hoton kifin, aka liƙa a kasuwa da ƙofar masallaci da gidan mai unguwa. Dokar ba ta da tsawo: wanda ya kama shi kada ya mayar ruwa, kada ya kai shi wani wuri da rai, a kashe a binne. An haƙa rami a bakin dam don haka. An raba wa wasu masunta sababbin komaye, an kuma gwada busar da shi a niƙa a ba kaji. Kai aka turo ka bi ƙauyuka ka bayyana wa mutane.

Na tuna zuwanka na farko. Ka zo a kan tsohon babur mai hayaƙi, da jarka biyu a ɗaure a baya da takardun nan a naɗe. Ba ka tsaya a ƙofar mai unguwa ka sa a tara maka mutane ba. Bakin tafki ka wuce, ka naɗe ƙafar wando, ka kama wa Baba jan koma, sai da aka fito da ita sannan ka faɗi ko kai wane ne. Baba ya ce bai taɓa ganin ma'aikacin gwamnati da laka har gwiwa ba.

Ran nan a zaurenmu Baba ya so ya nuna maka yana da ɗiya mai karatu. Ya miƙo mani takardar ya ce in karanta. Na san duk abin da ke rubuce, amma da na ga maza sun zuba mani ido sai muryata ta ƙi fita. Na tsaya ina kallon hoton kifin. Yayana Rilwanu ya fara dariya. Sai ka karɓi takardar, ka ɗaga ta nesa, ka matso da ita kusa, ka ce, "Ai ba laifinta ba ne, Malam Zubairu. Masu bugawa ne suka yi rowar tawada. Ni ma da tabarau ban gani." Ka karanta da kanka kana ta tuntuɓe da gangan har dariyar ta koma kanka. Tun daga ranar kake ce mani Malama Mardiya.

Akwai kuma ranar da ƙanena ya kwana da zazzaɓi, ga hanya ta lalace da ruwa, babu mota. Ka zo aikinka ka tarar da mu a haka. Ka kwance jarkokinka ka ajiye a zaure, ka ɗauki Baba da yaron zuwa asibiti a Kurfi, ka jira har aka sallame su. Aikin ranar bai yiwu ba, ba ka kuma taɓa tada maganar ba.

Amma akwai abin da takardar gwamnati ba ta faɗa ba. Ta ambaci gulbi da dam da tafki. Ba ta ambaci rijiya ba. An kuma liƙa ta inda maza suke zama, rijiyoyinmu kuwa a cikin gida suke, inda namiji baƙo ba ya shiga.

A ƙauyenmu kusan kowace rijiya da kifinta. Tun kakanni ake jefa ɗan kifi a ciki ya cinye tsutsa, ruwa ya yi kyau. Wannan kifi ba a cinsa, ba a kashe shi. Tsofaffi suna cewa wanda ya kashe kifin rijiya, rijiyarsa ƙafewa take yi. In bazara ta yi, ruwa ya ja baya, masu yasar rijiya suka zo suka kwashe laka, sai a fito da shi a bokiti. In ya girma, uwar gida da kanta take ɗaukarsa ta kai Tafkin Marke ta sake shi, ta ce ya je ya huta, ya gama aikinsa. Sai a jefa wani ƙarami. Haka ake yi, babu wanda ya taɓa ganin aibu a ciki.

Gogo ta je biki wani gari a bakin dam, aka ba ta ɗan mai sulke a gwangwani, aka ce mata wannan ya fi tarwaɗa, har gansakukar jikin rijiya yake lashewa. Gaskiya aka gaya mata. Ruwanmu ya yi haske har ana ganin guga a ƙasa. Gogo ta sa mashi suna Baƙo. Maƙwabta suka gani suka yi sha'awa, duk wadda ta je bakin dam sai ta dawo da nata. Baba ya sani, amma ba ya iya ɗaga murya a gaban mahaifiyarsa. Sau ɗaya ya gwada, ta ce mashi, "Zubairu, ni na yaye ka, ba gwamnati ba." Bai sake ba. Sai dai ya riƙa kallon rijiyar in zai wuce.

Ni kuma ina jin abin da kake faɗa a zaure, cewa guda biyu sun isa su cika tafki. Ina kuma ganin bazara tana matsowa. Ranar da na yi maganar, gab da azumi ne. Baba ya shiga ciki ɗauko tabarma, na kawo maka buta, ba kowa a zauren. Ina kallon ƙasa na ce, "Akwai shi a rijiyarmu." Ban san ko ka ji ba, don ba ka ɗago ba. Ka yi alwalarka a tsanake. Da ka gama ka miƙo mani butar ka ce a hankali, "Allah Ya yi maki albarka, Malama." Shi ke nan.

Bayan ka yi salla sai ka ce wa Baba kana so ka gaida Gogo. Ta fito zaure da sandarta. Kuka gaisa, ka tambaye ta ƙafa, ta tambaye ka iyali.

Ka ce, "Gogo, na yi alwala a ƙauyuka da yawa, ban ga ruwa mai haske kamar naku ba. Mi kuke sa wa rijiyar nan?"

Gogo ta gyara zama. Ta ce, "Ai ba a banza ba, ɗan nan. Wani baƙo gare ni a ciki, ba shi da ƙyuya kamar jikokina." Ta kwashe labarin duka ta faɗa maka da bakinta, har da bikin da gwangwanin.

Da ka gaya mata ko wane kifi ne, da abin da doka ta ce, fuskarta ta canza.

Ta ce, "Kifin da ya sha dattin gidana shi zan saka wa da wuƙa? In rijiyata ta ƙafe, gwamnati za ta zo ta ja mani ruwa?"

Ka ce, "Ba za ta zo ba."

"To ka gani."

"Amma in kika sake shi a tafki, Malam Zubairu zai rataye koma. Wannan ma gwamnati ba za ta zo ba."

Gogo ta kalli Baba, Baba ya kalli ƙasa. Ina bayan ƙyaure ina ji. Na zaci za ka ambaci mai unguwa ko hukuma. Ba ka yi ba. Cewa ka yi, "Mu yi musaya. In kawo maki tarwaɗa 'yar gida ki jefa, shi kuma in tafi da shi Dutsin-Ma."

"Ka kashe shi a bayan gari, ka zo kana yi mani murmushi."

"Ba zan kashe shi ba."

"Rantse."

"Gogo, da furfurata ba zan rantse a kan kifi ba. Amma na yi maki alkawari."

Sannan ta ce, "Wato ya yi ritaya ke nan. Fansho fa, za a ba shi?"

Ka ce, "Ni ma nawa ban tabbatar ba."

Gogo ta yi dariya har da tari. Ta ce ta yarda, amma ba a sallamar baƙo ana shirin azumi, ka bari sai bayan Salla in masu yasa sun zo. Ka ce to.

Daga wannan rana ka fara tambayar rijiyoyi duk inda ka je. Mun ji labarin ka karɓo daga Tamawa, ka karɓo daga Ɗantutture, jarka ɗaya da tarwaɗa in za ka je, ɗaya da mai sulke in za ka dawo. A ƙauyenmu kuwa mata da yawa suka yi shiru da nasu. Sun ji labarin ramin da ke bakin dam, suna cewa can za ka kai su. In ka tambayi mazansu sai su ce ba su sani ba, wasu kuma da gaske ba su sani ba. Ni na sani, don ni nake shiga gidajen da tallar ƙuli-ƙulin Inna, ina kuma leƙa rijiya in an ce in ja masu ruwa. Na yi niyyar in gaya maka bayan Salla. Ba ka kuma tambaye ni ba ko sau ɗaya, ko da ido.

Ranar addu'ar uku Baba ya tafi Dutsin-Ma gaisuwa. Gogo, wadda ta daɗe ba ta hau mota ba, ta ce da ita za a je, ni kuma in riƙe mata hannu. Mun tarar da gidan cike. Muka gaida matarka, Hajiya Rahamatu, muka zauna tare da mata. Bayan an shafa addu'a Gogo ta matsa kusa da ita ta ce, "Ɗiyata, ki yi haƙuri da tsohuwa. Kifayen da yake karɓowa daga ƙauye, ina yake kai su?"

Hajiya ta share ido, ta tashi, ta ce mu biyo ta.

A bayan ɗakin girki akwai kwami na siminti, an yi mashi rumfar zana, an rufe samansa da ragar waya an kulle da kwaɗo. Muka leƙa. Suna nan manne a jikin bango, baƙaƙe, manya da ƙanana, ba su ko motsi. Hajiya ta ce kai ka gina shi da hannunka. Ta ce kowace safiya kafin ka fita sai ka jefa masu ɓawon kabewa. In ka canza ruwan, ba ka yarda ya bi kwata, rami ka haƙa kake zubawa. Ka gaya mata a siminti ba su samun ƙasar da za su haƙa su hayayyafa, sai dai su zauna har kwanansu ya ƙare. Ta ce abokan aikinka sun yi ta yi maka tsiya, mutumin da ya binne buhu-buhu a bakin dam ga shi yana kiwon su a gida. Kai kuma ka ce na dam kifi ne, waɗannan amanar tsofaffi ce. Ta ce ko a kwanakin jinya sai da ka tambaya ko an ba su abinci.

Gogo ta dafa bakin kwamin. Abin da ta ce kawai shi ne, "Ashe ɗan nan gaskiya ya faɗa."

Da za mu fito na tsaya a baya. Na tambayi Hajiya ko za a rushe kwamin. Sai da ta sa na maimaita, don ba ta ji ba. Ta ce ba ta yi tunanin abin ba tukuna. Na ce akwai saura a ƙauyenmu. Ta dube ni, ta ce, "Ke ce Malama Mardiya?" Na ce ni ce. Ta ce, "Ku kawo. Muddin ina gidan nan, kwamin yana nan."

Malam, ban san yadda ake auna aikin ma'aikaci ba. Mai sulke bai ƙare a dam ba, masu zuwa can sun ce yana nan da yawa. Ba a turo wani a madadinka ba tukuna. Abin da na sani shi ne har yau da safe Baba ya dawo daga Tafkin Marke da karfasa, komarsa kuma lafiya lau.

Allah Ya jiƙanka, Malam Dalhatu. Allah Ya gafarta maka kurakuranka, Ya yalwata kabarinka, Ya haskaka shi. Yadda ka rufa wa yarinya asiri a zaure, Allah Ya rufa maka naka ranar da babu mai rufawa sai Shi. Yadda ka riƙe alkawarin da babu mai bin sawunsa, Allah Ya cika maka alkawarin da Ya yi wa masu riƙon amana, Ya sa Aljannar Firdausi ce makomarka.

Ina miƙa ta'aziyyata, da ta Baba da Inna da Gogo, ga Hajiya Rahamatu da 'ya'yansa Sumayya da Nu'uman da ƙannensu, da 'yan'uwansa, da abokan aikinsa, da masuntan Dutsin-Ma da Kurfi baki ɗaya. Allah Ya ba ku haƙurin rashi, Ya tsare maku bayansa, Ya sa in tamu ta zo mu cika da imani. Amin.

Masu yasa sun aiko cewa mako mai zuwa za su fara. Na roƙi Baba ƙananan tarwaɗa daga kamunsa, ya ba ni bai tambaye ni dalili ba. Suna cikin tsohuwar randa a bayan ɗakin Inna. Jarkar da ka manta a zaurenmu na wanke ta, Baba kuma yana kai bandar kifi Dutsin-Ma duk ranar kasuwa. Gobe zan ajiye farantin ƙuli-ƙuli in ɗauki bokiti, in shiga gidajen nan ɗaya bayan ɗaya, in gaya wa matan abin da na gani a bayan ɗakin girkinka. Wadda ba ta ji ba zan maimaita. Gidan farko namu ne, kuma kafin in taɓa guga zan zauna gaban Gogo in gaya mata wanda ya fara faɗa maka.